Bashin da ke Wuyan Mai Bincike

'Ya'yana da ƙannena da ke karatu a Jami'ar Bayero da ta Wudil da sauran manyan makarantunmu na Kano, yau da ku nake.

Duk shekara, in lokacin rubuta kundin kammala karatu ya kama, nakan gan ku a lungunan Fagge da takardun tambayoyi a hannu. Ku tsaya wurin teloli, ku kutsa Kantin Kwari, ku gangara Kasuwar Singa, ku tsallaka Sabon Gari wurin masu kemis da masu kayan gyaran mota. Mutum ya ajiye almakashi, ko ya bar mai ciniki a tsaye, ya amsa muku: shekarunsa nawa, 'ya'yansa nawa, nawa yake samu a wata, ina yake nufa in zazzaɓi ya kama yaro. Wani tela da na daɗe ina kai wa ɗinki ya taɓa gaya min cewa ɗaliban da suka zauna a kan bencinsa sun fi a ƙirga, amma ko ɗaya bai taɓa dawowa ya ce masa ga abin da aka gano ba. Ba da fushi ya faɗa ba. Sai dai ya ƙara da cewa yanzu in sun zo, abin da ya zo bakinsa yake ba su, don su tashi ya ci gaba da taka kekensa. Wannan ƙarin ne ya tsaya min a rai. Amsar da ya bayar don a rabu da shi ita za a zuba a kwamfuta, a fitar da alƙaluma, a ɗaure da baƙin bango, wani ma ya zo daga baya ya kafa hujja da ita.

Duk amsar da mutum ya ba ka rance ce. Lokacinsa ka karɓa, da sirrin gidansa, wani sa'in har da jininsa a 'yar kwalba. Biyan rancen shi ne ka koma masa da abin da ka gano, da harshen da yake ji, ta bakin wanda ya yarda da shi. Malamanku za su koya muku tsara tambaya da lissafi, ku riƙe wannan da kyau. Komawar ce ba kasafai ake koyarwa a aji ba, alhali garin nan ya sha wuya a kanta fiye da garuruwa da yawa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Asibitin Zana yana nan gefen Sabon Gari, kuna wucewa ta gabansa a adaidaita sahu. A 1996, da yawanku ba a haife ku ba, annobar sanƙarau ta afka wa arewa, ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. Asibitin ya cika ya batse, marasa lafiya har a ƙasa. Likitocin ƙungiyar Na-Gari-Na-Kowa suna gefe guda suna ba da magani kyauta. Ana cikin haka ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka sauka da wani sabon magani mai suna Trovan, suka gwada shi. Yara wajen 200 aka ɗauka, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Bayan 'yan makonni baƙin suka haɗa kayansu suka tafi, annoba kuwa tana kan ci.

Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi kisan da nakasar, kuma an yi wa iyaye bayani da baki. Sanƙarau kam yana kisa yana kurumtarwa, wannan ba abin musu ba ne. Iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu, ba wanda ya gaya musu suna da damar ƙi su koma wurin waɗancan likitocin da ke kusa. Labarin bai fito fili sosai ba sai a ƙarshen shekarar 2000, da jaridar Washington Post ta tona shi. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Dakta Abdussalami Nasidi, ya gama aikinsa a 2001, ya ce gwajin ya saɓa ƙa'ida. Rahoton ya kwanta a durowa har 2006, sannan aka tsegunta wa waccan jaridar. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, iyalan farko kuma ba su karɓi diyya ba sai 2011, shekara 15 bayan abin ya faru.

Ku lura, sau biyu aka hana mutane sani. An ɗebi ilimi daga jikin yara ba tare da iyayensu sun gane me ake yi ba, sannan da aka bincika, aka rufe wa gari sakamakon. Gurbin da bayani ya bari kuwa ba ya zama fayau, jita-jita ce ke shiga ta shimfiɗa tabarma.

Shi ya sa a 2003, da aka fara cewa ɗigon rigakafin shan inna yana ɗauke da maganin hana haihuwa, maganar ta tarar da wurin zama a shirye. Wanda ya fi kowa ɗaga murya ba jahili ba ne, likita ne, Dakta Ibrahim Datti Ahmad, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a. A shekarar ce Amurka ta shiga Iraƙi, zukata a dagule suke. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin. Aka yi ta gwaje-gwaje a gida da waje, wannan kwamiti ya ce ga abin da ya gani, wancan ya ce babu komai. Masana daga Abuja da Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi ta kawo takardu da alƙaluma, suna mamakin yadda mutane ba sa jin hujja. To ai mutane suna da tasu hujjar, tana nan gefen Sabon Gari. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Kada ku yi min mummunar fahimta. Zargin da aka yi wa ɗigon ba gaskiya ba ne, kuma da ƙafafun yaranmu muka biya kuɗinsa. Kusan shekara guda aka yi ba rigakafi a Kano, sai a ƙarshen Yulin 2004 aka koma, da maganin da aka sayo daga Indunusiya. Kafin nan ƙwayar cutar ta riga ta fita. An bi sawunta har ƙasashe wajen 20, ciki har da Sudan da Yaman da ita kanta Indunusiyar. A 2006 yaran da shan inna ya kama a Nijeriya sun haura 1,000. In kun ga matashi ɗan shekara ashirin da ɗoriya a kan keken hannu a titunan Kano, to sa'anku ne, kuma a waɗancan shekarun ya tashi.

Abin da nake so ku zauna a kansa shi ne yadda aka fita daga wannan rami, don a nan aikinku yake. Akwai masu binciken da suka ajiye takarda suka zauna a zaure da tsakar gida suna saurare. Maryam Yahya ta yi haka, ta buga abin da ta ji a 2007. Elisha Renne, wadda ta daɗe tana zama a Zariya, ta fitar da littafi guda a kan batun a 2010. Abin da suka tarar ya fi ƙarfin a kira shi jahilci. Iyaye tambaya suke yi, kuma tambayar mai hankali ce. Zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da gudawa ke kashe mana 'ya'ya kullum, in mun je asibiti a ce babu magani sai mun saya. Yaya aka yi wannan ɗigon kaɗai ake biyo mu da shi har gida, kyauta, wata bayan wata? Duk wanda ya taɓa raino a Fagge ya san nauyin tambayar. Takardar gwajin da ke cewa ɗigon ba shi da illa ba ta amsa ta ba ko kaɗan.

Da aka fara amsa ta ne abubuwa suka motsa. Daga 2006 aka riƙa haɗa ɗigon da wasu alluran rigakafin, da maganin tsutsar ciki, da sabulu, da gidan sauro. Daga baya aka riƙa kafa rumfunan duba marasa lafiya a unguwannin da suka fi turjiya, uwa ta kawo yaro mai zazzaɓi a duba shi, sannan a yi zancen ɗigo. Tun a 2004 Shugaba Obasanjo ya ɗiga wa 'yar gwamna maganin a bainar jama'a a nan Kano, Mai Martaba Alhaji Ado Bayero shi ma ya fito ya sa hannu, a 2009 kuma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya haɗa sarakunan arewa cikin kwamiti guda, aiki ya gangaro har kan dagatai da masu unguwanni. A Gezawa, Dakta Nasiru Sani Gwarzo da abokan aikinsa suka farfaɗo da majigi, wanda kakanninku suka sani tun zamanin Turawa. Da dare a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna yadda ƙwayar cutar ke bi daga bayan gida zuwa bakin yaro, a nuna iyayen da abin ya shafa suna magana da bakinsu, sannan a ba mutane dama su yi tambaya. Suka ƙirga yaran da aka yi wa ɗigo kafin majigin da bayansa, suka tarar adadin ya ƙaru ƙwarai, suka buga sakamakon. Waɗanda shan inna ya nakasa su ma suka shiga gida-gida, magidanci ya ƙi sauraron ma'aikacin lafiya, amma ya kasa kawar da kai daga mutumin da ya shigo masa zaure da rarrafe. Sai kuma mata 'yan unguwa, waɗanda ake haɗuwa da su a suna da biki, suka ɗauki mafi nauyin aikin. Wasunsu da ransu suka biya: ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Allah ya jiƙansu.

A Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama a jihar Kano, a Sumaila. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Ɗigon bai isa shi kaɗai ba sai da aka canja mai magana, aka kuma fara da saurare kafin a yi bayani. Ba a gama ba kuwa. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowace jiha jin jiki da shi, ya nuna yawan yaran da har yau ba a kai su allurar jarirai.

Yanzu ga wata fuskar, don kada ku ɗauka ƙarar murya ita ce komai. Shekara da shekaru likitocin ƙwaƙwalwa da masu harhaɗa magunguna da ɗalibai irinku suna rubutu a kan shan maganin tari mai kodin a Kano. Kundaye suna nan jibge a ɗakunan karatu. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta saki wani fim na binciken ƙwaƙwaf, aka ga ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da katan-katan ta bayan fage, aka ga matasa a ɗaure da sarƙa a gidan gyaran hali na Ɗorayi. Ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin. Abin da takardu suka kasa a shekaru, hoto ya yi shi a kwana ɗaya. Gani ya kori ji, kuma ya kamata ku koyi wannan: adadi ba ya shiga zuciya sai an ba shi fuska.

Amma ku dubi abin da ya biyo baya. A farkon 2019 aka fitar da sakamakon ƙidayar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Mutum miliyan 14.3 ne suka sha wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Masu maganin tari miliyan 2.4 ne, kuma mata da maza kusan kunnen doki suke a nan. Masu ƙwayoyi irin su tiramadol miliyan 4.6, masu wiwi miliyan 10.6. Wato fim ɗin ya haska ɗaki guda ne a gida mai ɗakuna da yawa. Wanda aka hana kwalba bai warke ba, wani abin ya nema. Mai fim ya tayar da gari, madalla. Mai ƙidaya ne zai zo ya ce ga girman abin, ga inda ya koma, ga yawan gadajen jinya da ake buƙata. Kowannensu ba ya wadatar da ɗan'uwansa, kuma in za ku iya, ku ƙulla abota da 'yan jarida tun kuna ɗalibai. A 2017 an ji daga Majalisar Dattawa cewa kwalba miliyan 3 ake sha kullum a Kano da Jigawa. Mai bincike in ya ji adadi irin wannan, kafin ya maimaita shi yakan tambaya: wa ya ƙirga, kuma ta yaya? Ko da adadin yana taimaka wa maganar da kake so ta yi nasara, ka yi wannan tambayar. Ranar da aka kama ka da ƙari ɗaya, gaskiyarka tara ma sun tafi, har da ta waɗanda za su zo bayanka.

A Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC da majalisar masu harhaɗa magunguna suka rufe shagunan magani sama da 1,000 a Sabon Gari da kewayenta, suka ce a koma sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro, kan hanyar Zariya, bayan 'yan kasuwa sun yi turjiya har gaban kotu. Akwai ilimi a bayan wannan mataki. Magani yana lalacewa in ya sha zafi a rumfar kwano, musamman allurar da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da jini da ta masu ciwon sukari, kuma a kasuwar da ba a san mai shigo da kaya ba jabu ke samun mafaka. Na yi ta jin ana gardamar a majalisu, yawancinta a kan siyasa da son kai. Da wuya ka ji wanda ya san zancen zafin rana. Wannan bayanin na minti biyar ne, kuma ɗalibin harhaɗa magani na aji uku zai iya yin sa a teburin mai shayi.

A nan zan ja muku kunne. In bincikenku ya shafi Sabon Gari, ku auna kowace kalma kafin ku sake ta, don magana zarar bunu ce. Kasuwar magani da Bahaushe da Ibo da Bayarabe duk suna ciki, masu gaskiya da marasa ita. Ka rubuta “'yan Sabon Gari ne ke lalata mana yara”, wani ya ɗauka ya sa a Facebook, ka kunna wutar da ba ka da ruwan kashe ta. Tsakanin Fagge da Sabon Gari an zubar da jini a Mayun 1953, an zubar a 1966, da Oktoban 1991, da Mayun 2004. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya ƙarar da shekaru yana nuna yadda masu neman mulki da dukiya ke fakewa da addini da ƙabila, har ya tara rubuce-rubucensa a littafi a 1987. Ku faɗi laifin da sunansa, ku faɗi hanyar da kaya ke bi, amma kada ku rataya shi a wuyan wata al'umma. Kuma in kun koma da sakamako, ku koma wa kowa. Limamin Juma'a zai kai maganarku inda fasto ba zai kai ba, fasto ma haka, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa kuma yana da kunnuwan da su biyun ba su da su. A wani layin Hausa za ku yi, a wani Buroka.

Batun harshe ma ba sabo ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu tana da Larabcin da za ta yi rubutu don malamai kaɗai, amma ta mayar da ilimi waƙa da Fillanci da Hausa, ta naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa, suka shiga ƙauyuka suna koyar da mata 'yan'uwansu. A nan Sabon Gari aka kafa NEPU ranar 8 ga Agustan 1950, mutum takwas, cikinsu da Bello Ijumu da Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Sun san yadda haraji da jangali da aikin tilas ke tafiya, sun kuma san talaka ba zai karanta takardar koke da Turanci ba, sai suka bi ta waƙa da lacca a fili. Malam Aminu Kano ya haɗa da wasan kwaikwayo da tafsiri. Bala Usman da abokansa da suka fitar da mujallarsu ta Turanci, sai suka yi mata 'yar'uwa da Hausa, Fitila. Ba wanda ilimin waɗannan mutane ya ragu don sun yi magana yadda dako da 'yar talla za su gane. Ni a wurina ma nan ake gane wanda ya fahimci abin da ya karanta. In ba za ka iya yi wa kakarka bayanin kundinka ba tare da ka tsoma Turanci a kowace jimla ba, ka koma ka sake karanta shi.

Sauƙaƙawa kuma gwaninta ce mai zaman kanta. Tun shekarun 1960 masana a Daka da Kalkata suka tabbatar cewa sukari yana taimaka wa hanji ya tsotsi gishiri da ruwa, ko da yaro yana gudawa. Sanin bai ceci kowa a ƙauye ba sai da aka mayar da shi awon da uwa ke da shi a ɗaki. A Bangaladash, daga 1980, ƙungiyar BRAC ta tura mata gida-gida suna koyar da haɗin, kuma ladan mai koyarwa ya danganta ne da abin da uwar ta iya tunawa in masu dubawa sun dawo bayan makonni. A nan gida, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya daga 1985, da kwalbar lemo da cokalin shayi aka koya wa iyayenku ruwan gishiri da sukari. Ku riƙe ma'aunin nan na Bangaladash. Ba a tambayar sau nawa ka faɗa, abin da ya zauna a kan mai saurare ake dubawa.

Akwai kuma matakin da ya wuce wannan, inda mai bincike ke miƙa wa mutanen abin magana su faɗa da kansu. Wata Bajamushiya, Hannah Hoechner, ta zo Kano nazarin almajirai. Littafinta ya fito a 2018, amma tun a 2011 ita da cibiyar Goethe suka taimaka wa almajirai tara suka tsara labari, suka fito a ciki, suka ba da umarni, aka yi fim ɗin Duniya Juyi Juyi. An daɗe ana taro a kan almajirai a manyan otal ba tare da ko ɗaya a ɗakin ba. A fim ɗin su ne suka nuna yadda matar gida ke aikensu ta hana su lada, da yadda zagi ke yi musu zafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na san abin da wasunku za su ce. Maki a kan kundin ake bayarwa, ƙarin girma a jami'a kuma da maƙalun Turanci ake ƙirga shi, ba wanda zai ba ka ko sisi don ka yi magana a rediyo. Gaskiya ne, kuma gyaran wannan yana wuyan manyanmu. Ku rubuta maƙalar, ku bari masana su tace ta, don tacewar ce ke ba ku ƙarfin gwiwar tsayawa a gaban jama'a. Sai dai bayan ta, ku fitar da shafi ɗaya da Hausa. Kano gari ne na rediyo. Tun da Freedom ta buɗe a 2003 tashoshi suka yawaita, shiri irin In Da Ranka kuma ya saba sa hukuma ta motsa. Masu shirye-shirye kullum neman wanda ya san abu suke. In ofis za ku, ku sani darakta ba zai karanta shafi 120 ba. Abu uku yake so ya ji: mene ne matsalar, me zai yi, nawa zai ci. Za a ce ku dawo gobe, ku dawo. Za a canja shi a kawo wani, ku sake farawa. Shan inna ma sai da aka yi shekara 16 bayan an koma rigakafi kafin a ayyana an rabu da ainihin ƙwayarsa.

Bari in yi magana da ke kai tsaye, 'yata, wadda kika ɗebi ruwa a rafin Jakara kika kai ɗakin gwaji. Ba ke ce ta farko ba. An daɗe ana auna ruwan nan da ya kwaso dattin birni da na mayanka, da na Getsi da ke ɗauko na masana'antun Bompai, su haɗu su nufi madatsar Wasai. An daɗe ana samun dalma da sauran ƙarafa masu guba a cikinsa, da ƙasar da ya jiƙa, da ganyen da aka shayar da shi. Latas da alayyafo da kabejin kuwa kasuwanninmu suke zuwa, har da kwanon gidanku. Manomin da ya bar ki kika tsinki ganyensa a Kwakwaci yana nan inda kika bar shi.

Ki fara da mai unguwa da shugaban masu lambu, kada ki fara da intanet, don in kika wallafa hoton lambunsa kika ce guba yake sayarwa, kin kashe masa kasuwa, kuma ba ɗalibin da zai ƙara taka wurin. Ki je bayan la'asar, sa'ad da ban-ruwa ya lafa. Ki gaya masa abin da kika samu da iyakar abin da gwajinki zai iya nunawa, ki bambanta masa dattin da wanki ke ragewa da ƙarfen da ke shiga jikin ganye wanda wanki ba ya fitarwa. Ki tuna masa shi da 'ya'yansa da ke tsoma ƙafa a ruwan kullum su ne a sahun gaba. Zai saurare ki, sannan ya ce: to 'yar nan, da wane ruwan zan yi ban-ruwa? Kada ki ƙirƙiro masa amsa. Ki rubuta tambayar yadda ya faɗe ta, ki tambaye shi zurfin da ake samun ruwa in an haƙa rijiya a wurin da abin da haƙar ke ci, ki haɗa da alƙalumanki a shafi guda, ki nemi biyu daga cikinsu su raka ki ma'aikatar muhalli da ta gona. Da shigowar sanyi ake fara dashen latas, ki yi ƙoƙari ki je kafin nan.